Hular Kwanon da Ta Hana Gaida Manya

Idi ɗan gidan Tani mai koko ba mugu ba ne, wannan kowa a Tiga zai shaida. Baki ne kawai ya yi masa yawa. In ya kama karfasa mai tsawon tafin hannu a dam, kafin ya iso gida ta kai tsawon cinya, kafin la'asar kuwa sai ka ji mutum biyu ne suka taya shi janyo ta.

Ana nan sai wani kamfani ya zo gina ma'ajiyar shinkafa, daidai bakin hanyar da ta taso daga masallaci ta nufi kasuwa. Suka ce suna son ɗan gari guda da zai riƙa kula da lafiyar ma'aikata, kada wani ya faɗo daga sama, kada bulo ya fasa wa wani kai. Idi ya yi sakandare, ga shi da zaƙewa, aka tura shi Kano horo na kwana uku. Ya dawo da riga mai ƙyalli da takalman roba har gwiwa, tafiyarsa ma ta sake.

Mai kula da ginin wata injiniya ce, Zulaihat, 'yar siririya marar yawan magana. Ta damƙa masa hulunan kwano ashirin, kowace da wani ɗan abu a ciki kamar ƙwallon dabino, ta haɗa masa da kwamfutar hannu mai faɗin faranti.

Ta ce, "In mutum ya faɗi, hular za ta gaya wa wannan, wannan ta yi ƙara, ta aiko min saƙo a Kano, ta kuma kira direban motar asibiti. In mutum ya cire hula a cikin filin aiki, nan ma za ta faɗa. Gwaji za mu yi maka. In ka iya, aikin ya zama naka. Ka dai gane yadda ake saita ta?"

"Haba ranki ya daɗe! Ai a Kano, rana ta biyu ni na riƙa gyara wa malamin."

Motarta na ɓacewa Idi ya zauna kan bulo yana latse-latse. Ya tarar da wani layi mai ɗan ɗigo da ake ja, gefe guda an rubuta kaɗan, ɗaya gefen sosai. To Idi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zaɓar kaɗan ba. Ya sa yatsa ya ja ɗigon har ƙurewa.

Daga nan ya wuce rumfar Baturiya mai shinkafa da wake, wadda ke sayar wa leburori abinci a bakin filin. Taubashiyarsa ce, ba ta raga masa ko da wasa.

Ya ɗaga allon kwamfutar sama don kowa ya gani. "Jama'a, zamanin hatsari ya ƙare a garin nan. Daga yau ko ƙadangare ne ya zame a jikin ginin can, sai na sani kafin ya taɓa ƙasa."

Baturiya ta ce, "Kai da bara ka faɗo daga kan jakin da ke tsaye?"

"Jakin ba shi da na'ura."

"To Allah ya kai mu, shugaban ƙadangaru. Da yaji ko babu?"

Washegari da hantsi aiki ya kankama. Kowa da hularsa rawaya, Idi na zagayawa da allo a ƙirji kamar mai riƙe da jariri. Sai ga Baba Aminu, tsohon masunci, ɗaya daga cikin dattawan da ruwan dam ya cinye ƙauyensu tun suna samari. Ya biyo hanya da sandarsa, ya ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki."

Yaran Tiga kuwa da tarbiyya. Mutum bakwai da ke kusa da hanya suka saki shebur suka zube ƙasa lokaci guda. "Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya?"

Allon da ke ƙirjin Idi ya kurma ihu. Ya yi ja jawur, yana ta tsuwa kamar an taka wutsiyar kare. Mutum bakwai sun faɗi! Sunkuyon ɗaukar bulo bai dami na'urar ba, amma wannan zubewa ta gaisuwa da ake yi farat ɗaya, ita a wurinta mutum ya faɗo ke nan.

Kafin Idi ya gano inda ake kashe ƙarar, sai ga jiniya daga can asibiti. Mudassir direba ya taho a guje, ya kusa bi ta kan tukunyar Baturiya, ya diro da gadon ɗaukar marasa lafiya. Bayansa kuma mata ne rututu, don labari ya riga ya zaga cewa gini ya rufta da mutane. A gaba Kaltume ce, uwar Nazifi birkila, takalmi ƙafa ɗaya, tana kuka tana kiran sunan ɗanta.

Mudassir na haki ya ce, "Ina suke? Ina bakwai ɗin?"

Nazifi, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ɗago daga inda yake durƙushe. "Wai mu? Baba muke gaisarwa."

Kaltume ta shafa shi tun daga kai har ƙafa, ta ga ko ƙwarzane babu, sai ta juya kan Idi. "Kai ɗan Tani! Na bar tuwo a wuta!"

Idi ya gyara tsayuwa. "Inna, gwaji ne. Na gwada saurin motar asibiti ne. Mudassir, minti shida ka yi. A Kano huɗu ake yi, sai ka ƙara himma."

Mudassir ya dube shi, ya dubi gadon, ya naɗe abinsa ya koma mota.

Shi kuwa Baba Aminu yana tsaye, ya dafa sanda da hannu biyu, ya kalli abin tun daga farko har ƙarshe. Ya koma gindin ceɗiyar da tsofaffi ke zama, su da ba su da aikin yi sai sauraron rediyo da gardamar zurfin ruwa, ya ce, "Ku tashi in nuna muku wani abu."

Tun daga ranar tsofaffin Tiga suka sami abin yi. Wanda ya shekara bai taka kasuwa ba sai ga shi yana zuwa sau uku kafin azahar. Layi suka yi. Wannan ya wuce ya yi sallama, samari su zube, allo ya yi ihu, jiniya ta taso. Da ƙura ta lafa sai na biye ya miƙe ya kakkaɓe riga. Har da wani da jikokinsa ke riƙo, ya ce a kai shi shi ma ya ga albarkar girma.

Idi ya tara ma'aikata. "Daga yanzu in za ku gaida babba, ku fara cire hula."

Baba Aminu ya wuce, aka cire huluna, aka zube. Allon ya yi wani sabon kuka, mai kama da na zabo: mutum tara ba su da hula.

Idi ya sake tara su. "To na soke durƙuso gaba ɗaya. Babu shi a filin nan."

Nazifi ya ce, "Oga, ko mahaifina ne?"

"Ko kakanka ne ya fito daga ƙarƙashin dam. Ƙamewa za ku yi ku sara, kamar soja. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

Ba a yi awa guda ba sai ga Kaltume za ta kai niƙa. Ta ce, "Sannunku." Nazifi ya dubi uwarsa, ya dubi Idi, ya buga ƙafa a ƙasa ya sara mata.

Kaltume ta sauke ƙwaryar a hankali. "Nazifi, ni ka ƙame wa?"

"Inna, doka ce."

"Doka? To ga tawa." Ta cire takalmi ta hau ƙwanƙwasar hular, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Nazifi ya duƙe don kare kansa. Allo ya yi ihu. Jiniya ta taso.

Wannan karon Mudassir bai ko fito daga mota ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Idi, na bar mai naƙuda a bakin asibiti saboda kai. Wallahi ka kiyaye ni."

Da yamma wayar Idi ta yi ƙara. Injiniya ce.

"Malam Idi, faɗuwa arba'in da ɗaya a kwana uku. Gini kuke yi ko kokawa?"

Da ya ce mata gaisuwa ce, da magana ta ƙare a nan. Amma ta yaya mutumin da ya gyara wa malami a Kano zai ce na'ura ta gagare shi?

"Ranki ya daɗe, na gano bakin zaren, har na ɗauki mataki."

"Mene ne matsalar?"

"Abu ne na fasaha, ba zai faɗu ta waya ba."

Ta ce, "To ji nan. Ranar Alhamis ta sama zan zo. Daga gobe zuwa ranar, in na ga faɗuwa ko guda ɗaya, za ka ba ni allon da rigar, in nemi wani."

Allah sarki Idi. Rigar nan ita ce abu na farko da ya taɓa samu wanda ya kai girman bakinsa. Matarsa Suwaiba har ta fara wanke ta daban da sauran kaya. Bai yi niyyar rabuwa da ita ba.

Da sassafe ya sa aka kewaye filin da zana mai tsawo, don kada ma'aikaci ya hangi tsoho. Baba Aminu ya zo ya tsaya a bayan zanan ya yi gyaran murya, Idi ya ga gwiwoyin mutum uku sun fara lanƙwashewa, ya daka musu tsawa, da ƙyar suka miƙe. Sai ya sa aka jawo janareta bakin ƙofa, aka bar shi yana ruri tun safe har yamma ko ana buƙata ko ba a yi, don kada sallama ta shigo. Shi kansa in ya hango farin gemu daga nesa sai ya faɗa bayan tarin bulo ya laɓe, a tsaye.

Baturiya ta ce, "Kai, hayaƙin nan ya sa shinkafata warin fetur!"

"Me kika ce?"

"Na ce kai da janaretan ban san wanda ya fi ƙara ba!"

"Na gode!"

Gari ya ɗauka. A masallaci ana cewa ɗan Tani ya hana yara gaida iyayensu. Mata a wurin niƙa suka ce dama tun yana ƙarami a tsaye yake shan koko. Tani ta aika masa ya zo, ya ce a gaya mata sai bayan Alhamis. Amma allon ya zauna kore shar. Kwana ɗaya, biyu, har shida, ko ƙyas. Idi ya dawo da tafiyarsa ta Kano. Ya bi gida gida yana gayyata, ya ce a zo ranar Alhamis a ga yadda ake tabbatar da ƙwararre.

Ranar Alhamis injiniya ta iso da hantsi. Ta ce a kashe janareta, ta dubi zanan ta dubi Idi.

"Wannan fa?"

"Sabon tsari ne, ranki ya daɗe. Ni na ƙirƙiro shi."

Ya miƙa mata allon da hannu biyu. Ta duba, ta ɗaga gira. "Kwana shida babu ko ɗaya. To, bari mu zagaya. In muka gama yana kore, shi ke nan."

Mutane sun cika bakin ƙofa, Baturiya a gaba da ludayinta. Idi na gaba yana nuna wannan yana nuna wancan, yana jefa kalmomin Turanci da shi ma bai san inda za su sauka ba. Sun zo wajen da ake kwaɓa siminti, saura su kewaya bayan gini a gama, sai aka ji muryar Baba Aminu, tas, tunda babu janareta.

"Salamu alaikum! Idi, ga baƙo na rako maka. Na tsince shi a tasha yana tambayar inda babban jami'i yake."

Idi ya juya.

Malam Abdulmalik ne, mahaifin Suwaiba, tun daga Badafi. Dattijo dogo mai farin rawani, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba sa haɗa ido da shi. Gayyar da Idi ya yi ta bazawa ce ta kai har can. Ga Suwaiba, da ta tare su a hanya, a bayansa riƙe da jakarsa, tana murmushin alfahari.

Injiniya ta russuna ta gaishe shi, ta sa aka ba su hulunan baƙi, aka ɗora wa dattijon tasa a kan rawani. Ya shigo tsakiyar fili ya ce, "Sannunku da aiki, samari."

Mutum goma sha tara suka buga ƙafa a ƙasa, suka sara masa.

Dattijon ya ja da baya, ya dubi Baba Aminu. "Barikin soja ake ginawa?"

"A'a, tsarin surukinka ne."

Sai duk ido ya koma kan Idi. Nazifi, hannunsa na nan a goshi, ya ce ta gefen baki, "Oga, doka ce fa. Sara masa."

Idi ya dubi allon da ke hannun injiniya, kore shar. Ya dubi surukinsa. A ƙasar nan mutum ya gaida uban matarsa a tsaye? Jikokinsa ma sai an goranta musu. Ya dubi Suwaiba, ya ga murmushin ya fara gushewa. In ya zube, riga ta tafi. In ya cire hula, riga ta tafi. In ya tsaya, yau ba riga kaɗai zai rasa ba.

Nan dabara ta faɗo masa. Ai saurin zubewar ne na'urar ba ta so. To wa ya ce dole sai da sauri?

Ya zare takalman roba ya ajiye gefe, kamar yadda ya dace. Ya ɗan ja da baya don kunya. Ya miƙe wuya kyam don kada hular ta ji komai, ya fara sauka a hankali, a hankali, kamar ana zura guga a rijiya mai zurfi.

"Barka... da... zuwa... Baba..."

Dattijon ya ce, "Yawwa," yana jira.

Idi na sauka. Gumi ya keto masa. Idonsa ɗaya a kan suruki, ɗaya a kan allo.

"An... zo... lafiya..."

Malam Abdulmalik ya juya wajen 'yarsa. "Suwaiba, ciwon baya yake yi ba ku faɗa ba?"

Daga bakin ƙofa Baturiya ta ce, "Ku yi shiru jama'a, kada ku firgita kazar, ƙwai za ta saka!"

Dariya ta ɓarke. Idi ya kai rabi, bai tsaya ba bai durƙusa ba, cinyoyinsa na rawa kamar ganye. Ya ji ba zai iya riƙewa ba, ya mayar da ƙafa ɗaya baya don ya tokare. Diddigensa, babu takalmi, ya sauka a gefen ramin kwaɓi, inda siminti ya jiƙe ya yi santsi.

Ƙafafu suka yi sama. Idi ya tafi da baya, ya faɗa cikin kwaɓin, taɓal! Ba a ganin komai sai hanci da tafin ƙafa biyu.

Allo ya kurma ihu.

Ma'aikata kuwa da suka ga mai doka ya kai ƙasa, sai suka ga ai doka ta faɗi. Gaisuwar kwana shida ce a cikinsu. Duka goma sha tara suka zube lokaci guda. "Barka da zuwa, Baba! Barka da hantsi, Baba Aminu! A yafe mana!"

Allon ya haukace. Wayar injiniya ta hau ruri a jaka. Tsofaffin ceɗiya da suka leƙo ta saman zana har da masu tafi.

Daga cikin kwaɓi aka ji murya. "Ƙuguna! Wayyo ƙuguna! A kira Mudassir!"

An jira jiniya, shiru. Nazifi ya kira shi, ya sa wayar a fili kowa na ji.

"Mudassir, ka zo, an faɗi!"

"Wane tsohon ne ya wuce? Ku gaishe min da shi."

"Wallahi da gaske ne, Oga ne da kansa!"

"To ya ƙara himma, a Kano da kansu suke tashi." Ya kashe.

Dole aka jawo baro. Mutum huɗu suka zaro Idi kamar tarwaɗa daga laka, suka kwantar da shi a ciki, ƙafafu na reto. Injiniya ta kashe ƙarar, ta ce wa Nazifi, "Faɗa min, waccan arba'in da ɗayan, duk irin wannan ce?"

"Gaisuwa ce, ranki ya daɗe. Wannan ce kaɗai ta gaske."

Ta latsa allon sau biyu, ta daɗe tana kallon abin da ta gani, ta ja ɗigon nan baya da ɗan yatsa. "Durƙusa in gani." Nazifi ya zube. Shiru, kore shar.

Ta zo kan baro. "Malam Idi, ka kewaye gari guda da zana, ka bar ramin kwaɓi a buɗe. Rigar ka riƙe, ba ta ciruwa yanzu sai da guduma." Ta miƙa wa Nazifi allon. "Kai, a kewaye ramin nan kafin azahar, a kuma kwance zanan."

Suwaiba ta zo tana goge wa mijinta fuska da bakin mayafi, tana ƙoƙarin kada ta yi dariya, abin na cin ƙarfinta. Aka fara tura baro za a nufi asibiti. Da aka zo daidai inda dattijon yake, Idi ya ɗaga hannu a tsaya, don bai ƙarasa gaisuwa ba. Ya ɗago kai da ƙyar, siminti na ɗiga daga kunnensa.

"Baba... ya mutanen Badafi?"

Malam Abdulmalik ya dube shi tun daga hular har yatsun ƙafa, ya gyara rawani.

"Suna lafiya lau. Idi, nan gaba in na zo, ka gaishe ni a tsaye. Na yafe."